Bishiyoyin Haya

Bishiyar farko ta ƙi fitowa.

Mai Makullai ya kama ta a wuya kamar yadda ya saba, ya ɗan girgiza ta hagu da dama, ya ja. Ko gezau. Ya gyara tsayuwa, ya nema wa tumbinsa wurin zama tsakanin gwiwoyinsa, ya sake ja da hannu biyu. Wani abu ya ce ƙas, sai dai ba a gindin bishiyar ba, a gadon bayansa ne. Ya tsaya nan a sunkuye yana kallon takalmansa, waɗanda dama ba kullum yake samun damar gaisawa da su ba.

Wanda bai san yadda ake shuka bishiya a kamfanin sabulun nan ba zai ce to mene ne abin mamaki, ai bishiya ba a san ta da fitowa ba. Amma nan tsarin daban ne. Kamfani ne babba, hedkwatarsa tana can wata ƙasa mai nisa inda manya suke son ganin kore a cikin hoto. Duk lokacin da aka ce manyan hedkwata suna tafe, sai a kwashe motocin manajoji daga filin gaban ofis, a ɗaga murafun kankaren da ke jere a ƙasa, ramuka su bayyana. Mai Lambu ya iso da akori-kura cike da bishiyoyi a cikin tukwanen roba, a zura kowace a raminta har da tukunyar, a watsa ƙasa a rufe. Baƙi su zo, a miƙa wa babbansu shebur mai ɗaure da kintinkiri, ya zuba ƙasar da ba ta fi cikin cokali ba, a tafa, a ɗauki hoto. Washegari a zare bishiyoyin kamar ana zare toshiyar kwalba, a mayar da murafu, motoci su dawo wurinsu. Ba wanda ya taɓa kiran abin da sunan ƙarya. Shiri ake ce masa.

Shirin kuwa a hannun Mai Makullai yake, domin shi ne shugaban sashen kula da haraba. Sunan ya samo shi ne daga tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa na dama: na sito, na ɗakin janareta, na tankin ruwa, na banɗakin manya, da wasu da shi kansa ya manta ƙofofinsu. Kafin a gan shi an ji shi. Ya kai shekarun da gashin kai yake yin ƙaura ya koma cikin kunne, kuma duk tsawon aikinsa fasaha ɗaya ya ƙware a kai, wato cewa "to" tun kafin na sama ya rufe baki. Da ita ya hau, da ita ya zauna, da ita kuma yake fatan ya sauka lafiya, don ritayarsa ta kusa, fansho yana hango shi yana hango fansho.

A wannan karon ne lissafi ya ɗan karkace. An kawo bishiyoyin ana gab da faɗuwar damina, sai baƙi suka ɗaga zuwansu. Aka sa wata rana, suka sake ɗagawa. Manaja ya ce a bar su a ramukan, tunda ko yaushe ana iya cewa gobe ne. Haka damina ta shiga ta fita. Sai jiya manyan suka iso, suka yi abin da bai fi shan shayi ɗaya ba a filin, suka wuce. Mai Makullai ya lura bishiyoyin sun yi kore shar, wasu har sun ɗara shi tsawo, amma ya ɗora alhakin a kan ruwan sama. Kowace safiya yakan taɓa bakin tukunya ɗaya ko biyu da kan takalminsa, ya ji robar tana nan, hankalinsa ya kwanta.

Mai Lambu, wani tsoho siriri mai hular da rana ta cinye launinta, yana tsaye jikin motarsa yana duba agogo. Ya ce a yi sauri, kamfanin fenti na can ƙasan layi suna da baƙi a ƙarshen mako, kuma waɗannan bishiyoyin ne za su je. Babu ma'aikacin da ya kai bishiyoyin nan sanin kamfanonin unguwar. Akwai wata mangwaro mai karkataccen reshe da yake kira Dattijuwa, wadda manyan daraktoci iri-iri suka shuka da hannunsu, farare da baƙaƙe, maza da mata, amma ba ta taɓa wuce ƙirjin mutum ba, saboda yana datse mata saiwa duk bayan fita aiki.

Da ƙyar Mai Makullai ya miƙe. Ya sa wani lebura ya kawo diga ya tone gefen bishiyar. Da aka kama bakin tukunyar aka ɗaga, sai ta taho sama salin-alin, ta zagaye jikin bishiyar kamar awarwaro. Ba ta da gindi. A ƙarƙashi, saiwoyi masu kaurin yatsa sun nutse cikin ƙasa sun kama gabansu.

Aka tone ta biyu, haka. Ta uku, haka. Leburan ya daina tambaya, ya bi layi yana tonewa yana ɗagowa, kowace tukunya zobe ce kawai.

Mai Lambu ya tsuguna gaban Dattijuwa, ya shafa yankan da yatsa, ya ɗago ya dube shi.

"Malam, wa ya yi wa dukiyata haka?"

Yankan a miƙe yake, tsaf, ba aikin wuƙa ba ne. Aikin ƙaramin zarton nan ne mai jan mariƙi, wanda yake rataye a sito, wanda makullinsa yake lilo a ƙugun Mai Makullai a daidai wannan lokacin. Sai a nan ya tuna ranar da aka kawo bishiyoyin. 'Yan kwamitin muhalli ne suka zo suka ce Baba ya je ya huta, su za su yi aikin binnewa, a ba su aron kayan aiki kawai. Har albarka ya sa musu.

Kwamitin muhalli hedkwata ce ta ce kowane reshe ya kafa, na ma'aikata zalla. An zaɓi Mai Makullai shugaba ne a ranar da ya je cire haƙori, ya dawo da kumburin kumatu ya tarar ana yi masa murna. A cikin kwamitin akwai direbobi, masu shara, injiniyoyi, da matar da ke riƙe da kantin abinci. Sun raba kwandunan shara, sun hana kofunan roba, sun sa an gyara famfunan da ke zuba tun zamanin manajan da ya rasu. Shi dai bai ga illa a ciki ba. Yana zuwa taron ne saboda biskit da sanyin ɗakin.

Ya nufi ɗakin gwaje-gwaje yana tafe a karkace, hannu ɗaya a baya. A can sakatariyar kwamitin take aiki, wata matashiya mai farin kwat da tabarau, wadda kowa ke kira Mai Gwaji. Sa'ar babbar 'yarsa ce. Ya tarar da ita tana ɗiga wani ruwa cikin kwalba, ba ta ko firgita ba da ta ga fuskarsa. Ta ja masa kujera, ta tambayi bayansa, domin ta hango komai ta taga.

Ya tambaye ta wa ya ba su izini.

"Baba, ai kai ka amince."

"Ni?"

"A taron da muka yi kafin a kawo su. Na ce duk wanda ya yarda a shuka su da gaske a wannan karon ya nuna alama. Ka yi ta gyaɗa kai har tabaranka ya zamo."

"Gyangyaɗi nake yi, 'yar nan."

"Mun yi zargin haka," in ji ta. "Amma ba mu so mu kunyata ka a gaban mutane."

Ya zauna a kujerar ba tare da ya yi niyya ba. Ya ce ta faɗa masa sunayen waɗanda suke ciki. Ta ce zai fi sauƙi ya nemi waɗanda ba sa ciki, kuma iya saninta ba su wuce masu ajiye mota a filin ba. Ta kai shi bakin taga ta nuna masa abin da ya yi wata da watanni yana tsallakewa bai gani ba: siraran tiyo da suka sauko daga na'urorin sanyaya ɗaki suka bi gindin bango, suna kai ruwan da ke ɗiga zuwa wata randar roba a bayan kanti. Daga nan kowa yake ɗiba. Kowace bishiya da mai ita. Direbobin tirela da ke jiran lodi a rana su suka ɗauki layin bakin ƙofa. Masu gadi suna ba da ruwa a ranakun hutu. Ta ce ita ta gaji da buɗe mujallar kamfani tana ganin bishiya ɗaya da mutane daban-daban, kuma idan aka tara duk abin da reshen nan ya ce ya shuka, da yanzu sai an shigo ofis da fitila da rana tsaka.

Sannan ta nuna masa wata a can kusurwa, gajera, mai kauri, ta ɗan karkata dama. An ɗaura mata wani tsohon makulli da zare.

"Waccan taka ce. Matar kanti ke ba ta ruwa a madadinka."

Ya san bishiyar. A jikinta yake tsayawa idan zai amsa wayar gida. Ya ɗauka makullin wani ne ya yar aka rataye masa.

Ofishin Manaja yana hawa na sama, da sanyin da ke sa mutum ya tuna laifuffukansa. Manaja ba mugu ba ne, mutum ne mai magana a hankali da son abu ya zauna inda aka ajiye shi. Ya saurari bayanin har ƙarshe, alƙalaminsa a tsaye a sama bai sauka ba. Da Mai Makullai ya kai wurin tukwane marasa gindi, sai Manaja ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubansa kamar ko zai ga wani mutum daban.

Ya tashi ya buɗe labulen baya. Can ƙasa, kusa da bututun hayaƙin tukunyar dafa sabulu, motocin manajoji ne a jere, inda aka yi musu masauki tun farkon damina. Tasa fara ce a da. Ya ce ya yi haƙuri duk watannin nan ne saboda ya san abin na ɗan lokaci ne. Amma ba ma wannan ne ya fi damunsa ba.

"Ka yi tunani, Malam. Idan waɗannan suka zauna, baƙo na gaba a ina zai shuka tasa?"

Mai Makullai ya ga lallai tambayar tana da nauyi.

Manaja ya ce maganar Mai Lambu a bar wa ofishin kuɗi. Abin da yake so shi ne kafin ƙarshen mako filin ya koma yadda yake, murafu a rufe, motoci a kai. Wadda ta ƙi fitowa a sare ta. In kuwa hakan ya gagara, to ga tebur nan, a ajiye masa makullan, zai nemi wanda ba ya barci a taro.

"To, ranka ya daɗe," in ji Mai Makullai. Bakinsa ne ya faɗa, shi yana can wani wuri.

Da yamma ya kwanta rub da ciki a kan tabarmar falo, matarsa tana murza masa man zafi. Ma'aikaciyar jinya ce, hannunta ba ya tausayin kowa. Yana nishi yana ba ta labari, kuma da yake mutum ba ya iya tsara magana ana danna masa ƙashin baya, sai ya faɗi har abin da bai taɓa faɗa a gida ba: ramuka, murafu, akori-kura, kamfanin fenti.

Hannunta ya tsaya.

Ta tashi ta je bango ta sauko da hotunan da ke jere a saman talabijin, waɗanda aka ɗauka a ziyarce-ziyarcen baya, kowanne da shi a gefe yana riƙe wa wani babba bokiti. Ta jera su a ƙasa daidai hancinsa. Ta sa yatsa mai maiƙo a kan na farko.

"Wannan mai karkataccen reshen. Ga ta nan. Ga ta nan kuma. Baban Auta, kai ka tsufa a hotunan nan, ita ko ganye ba ta ƙara ba."

Ya ce ai shiri ne.

Ta ce ita kuma shekara da shekaru tana gaya wa matan layi cewa mijinta ya shuka daji guda a wurin aiki. Har ƙanwarta ta taɓa cewa a roƙe shi ya kawo musu mangwaro idan sun nuna. Ta koma ta ci gaba da murza, wannan karon da gwiwar hannu.

Ya tambaye ta, murya a cikin tabarma, me take gani zai yi. Ya tuna mata Auta ba ta gama makaranta ba, rufin ɗakin baya yana yoyo, kuma wanda ya ajiye makullai yanzu bai san da me zai fita ba. Ta ce duk ta sani, ita ke tara bokiti a ɗakin bayan.

"Ban ce ka sare ba, ban ce kar ka sare ba. Ni dai bayan nan na gani, kuma na gaya maka ba zai ƙara ɗaukar sunkuyo ba."

Ya yanke shawara irin ta mai hankali, wato zai sare. Leburorin kamfani duk suka sami uzuri, wannan hannunsa na ciwo, wancan an aike shi, don haka ya ɗauko wani mai zarton inji daga kasuwar 'yan katako, ƙato mai toshe kunne da auduga. Suka shigo filin rana ta take tsaka.

Mai Makullai ya ja birki a bakin ƙofa.

Gindin kowace bishiya akwai mutum a zaune. Ba kwali, ba waƙa, ba wanda ya ɗaga murya. Abincin rana kawai suke ci. Inuwar ba ta taka kara ta karya ba, bishiyoyin duka yara ne; wani ƙaton direba ya takure a ƙarƙashin wata 'yar gwaiba, inuwarta ta rufe masa kai da rabin kafaɗa, sauran jikin yana gasuwa, amma ya zauna kamar wanda ke cikin lambun gidansu. Masu shara sun shimfiɗa kwali. Injiniyoyi sun kife hulunan kwano sun zauna a kai. Mai Gwaji tana jingine da Dattijuwa tana ɓare lemo. Suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, sannu Baba, ya jiki Baba, kamar ba su ga ƙaton da ke bayansa ba.

Manaja ya sauko ya tsaya a matakalar ofis, hannu a baya.

Mai zarto ya tambaya daga ina za a fara. Mai Makullai ya riga ya yi wannan tunanin tun a hanya: zai fara da tasa, don kada wani ya ce an ci masa fuska. Ita kaɗai ce babu kowa a gindinta. Sai da suka matsa kusa ya ga dalili. An ajiye farar kujerar roba, da kofin shayi a rufe da faranti, da biskit biyu a kai.

Mai zarto ya ja igiya, injin ya ɗauka da ƙara. Tsohon makullin da ke rataye a reshe ya shiga rawa. Duk filin aka daina tauna.

Abin da ya faru bayan nan, Mai Makullai ya sha ba da labarinsa, kuma bai taɓa iya cewa ga lokacin da ya yanke shawara ba, domin a iya saninsa bai yanke ba. Ya dai ga hannunsa ya ɗaga, injin ya mutu. Ya ga hannun ya sauka ƙugu yana kokawa da maɗaurin da ya yi shekaru ba a kwance shi da rana ba. Ya ji ƙafafunsa suna tafiya wajen matakala, yana bin su yana mamaki. A ransa yana shirya "to, ranka ya daɗe" mai kyau, wadda za ta gyara komai.

"Ranka ya daɗe, ga su," ya ji bakinsa ya ce.

Can ƙasan zuciyarsa yana da yaƙinin za a ce haba Malam, mayar da abinka, mu hau sama mu yi magana. Mutum ya yi shekaru irin nasa ai ko roƙo ɗaya ya ci a yi masa.

Manaja ya miƙo hannu ya karɓa.

Nauyin ya ja hannun Manaja ƙasa, sai da ya tallafa da ɗayan. Suka tsaya suna kallon juna, kowanne ya fi ɗan'uwansa kaɗuwa. Mai Makullai ya ji iska tana shiga wani wuri a ƙugunsa da bai san yana da shi ba.

Manaja ya waiga yana neman mataimakin sashen, wani saurayi mai tsukakken wando da ya daɗe yana yi wa makullan nan kallon da ake yi wa budurwar wani. Aka hango shi zaune gindin wata darbejiya, baki cike da burodi. Da ya ga an miƙo masa, sai ya nuna bakinsa, ya nuna hannayensa masu maiƙo, ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa.

Manaja ya juya ga mai zarto ya ce ya ci gaba. Mai zarto ya zare auduga daga kunne ɗaya ya ce shi wanda ya ɗauko shi ne zai ba shi umarni, kuma ko shi ɗin ne, ba ya sare bishiya da mutum a gindinta, ya taɓa yi sau ɗaya bai ji daɗin yadda aka ƙare ba. Manaja ya duba agogo ya ce ba komai, hutun ya kusa ƙarewa.

Ƙararrawa ta kaɗa. Mutane suka tashi, suka kakkaɓe jiki, suka tattara kwanukansu suka nufi ciki. Manaja ya gyara wuyan riga. Sai ga ƙofar sashen naɗe sabulu ta buɗe, wasu suka fito da nasu kwanukan, kowa ya nufi wata bishiya kai tsaye ya zauna a wurin da bai ko huce ba. Injinan kamfanin ba sa tsayawa, don haka hutun ma kashi-kashi ake fita, sashe bayan sashe. Manaja ne da kansa ya kawo tsarin, har yabo ya samu a kai. Bayan na naɗe sabulu sai na lodi, bayan na lodi sai masu canjin yamma, waɗanda suka zo da wuri ba tare da an san dalili ba.

Mai zarto ya jira har inuwar ginin ta rufe filin, ya sha shayin da ke kan farar kujera, ya ɗauki injinsa ya tafi.

Mai Makullai ya koma gida, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri, jikinsa yana karkata hagu saboda ya saba da rinjayen dama. Matarsa ba ta ji shigowarsa ba, sai ganinsa ta yi a tsakiyar falo, har ta zubar da ruwan da ke hannunta. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙugunsa. Ta ce ya zauna, ta ƙara masa sukari a shayi ba tare da ta yi masa wa'azin hawan jini ba, abin da ya tabbatar masa cewa lamarin ya kai inda ya kai.

Aka ce ya tafi hutu. Yana cikin hutun wani ya aika wa hedkwata hoton ma'aikata suna cin abinci a gindin bishiyoyi, kuma har yau ba a san ko wane ne ba, ko da yake hoton daga tagar ɗakin gwaje-gwaje aka ɗauke shi. Manyan suka yi murna ƙwarai. Suka aiko wa Manaja lambar yabo ta hangen nesa, aka buga hotonsa a bangon mujalla yana dafe da Dattijuwa. Daga ranar ba wanda ya ƙara maganar zarto. Makullan kuwa ba su dawo ba. Manaja yana iya yafe bishiya, amma bai iya yafe tsayuwar da ya yi a matakala da tarin ƙarfe a hannu ba. Aka sallami Mai Makullai kafin lokacinsa, da fanshon da aka ɗan rage wa tsawo, da agogon bango mai tambarin sabulu.

Ranar da ya je karɓar agogon, mai gadi ya yi ta ba shi haƙuri kafin ya rataya masa katin baƙo a wuya. Ya shiga filin ba wanda ya waigo, don ba a ji komai ba. Can gefen ginin ya hango mataimakinsa na da, makullai a ƙugu sun ja masa wando ƙasa, yana tsaye kan leburori suna haƙa sababbin ramuka saboda baƙo na gaba. Mai Gwaji ta wuce ta gaishe shi, ta tambayi Mama da Auta, sannan ta rage murya ta ce sabon shugaban kwamitin ma yana son biskit, kuma sun riga sun sayi nasu zarton.

A gindin Dattijuwa ya tarar da Mai Lambu. Ba ɗaukar komai ya zo yi ba, motarsa tana waje. Ya cire hula ya ɗaga kai yana kallon sama, inda karkataccen reshen ya wuce tagar hawa na farko, da sababbin ganye jajaye a bakinsa. Ya daɗe a haka.

"Ashe doguwa ce," in ji shi.

Mai Makullai ya ce haka ake ta faɗa.

Ya wuce kusurwa. Farar kujerar tana nan. Ya zauna a hankali saboda baya, ya ɗora agogon a cinya, hannunsa ya kai ƙugu don ya gyara abin da babu. Inuwar ta rufe masa kai da kafaɗu da ƙirji, ta tsaya daidai inda tumbi ya fara. Ya dubi tumbin a rana, ya dubi bishiyar, ya lissafa cewa in ita ta ci gaba da girma, shi kuma fansho ya yi aikinsa a kansa, wata rana za su haɗu a tsakiya.